Sau uku yana zana JAMB bai samu likita ba, Abbansu kuma ya ce a sake na huɗu

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a Kano, damuwata a kan ɗana na fari ce, shekararsa 20 yanzu. Ya gama sakandare a 2023 da kiredit ɗinsa lafiya lau, kuma tun yana firamare Abbansu ke kiransa dokta, kowa a dangi ya san likita zai karanta. Sau uku yana zana JAMB, na farko ya ci 214, na biyu 238, na uku 226, duk bai samu ba. A na biyun wata jami'a ta ba shi wani kos na kimiyya, Abbansu ya ce atafau ba zai karɓa ba sai dai ya sake. To ashe tun bara yaron yana bin yayan wani abokinsa kasuwar waya ta Farm Centre yana koyon gyaran waya, ni ma ban sani ba sai da sallah ya kawo min dubu goma sha biyar ya ce in yi ɗinki, na yi ta kuka. Na ɓoye ban faɗa wa Abbansu ba, sai wani maƙocinmu ya gan shi a can ya zo ya faɗa. Ranar gidan kamar zai kama da wuta, ya ce shi bai yi shekara da shekaru yana biyan makarantar kuɗi don ɗansa ya ƙare a rumfar gyaran waya ba, kuma wai da haɗin bakina. Yau wata biyu ko gaisuwar yaron da ƙyar yake amsawa. Shi kuma yanzu sai sha ɗaya na dare yake shigowa, duk ya rame, ya daina cin abinci da ƙannensa, rannan ya ce min Umma ni na gaji, Legas zan tafi. Ina tsoron kar ya faɗa shaye-shaye. Abbansu ya ce a shirya masa JAMB na huɗu. Anti bayan wa zan bi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma wurin da na fi daɗewa shi ne wurin dubu sha biyar ɗin nan. Ki tsaya ki duba da kyau. Yaro ya yi shekara biyu da ɗoriya a gida, sa'o'insa wasu suna aji biyu wasu aji uku a jami'a, duk taron suna ko biki aka haɗu sai an tambaye shi dokta ya labarin admishan, amma bai kwanta a ɗaki ya rungumi waya ba, bai koma majalisa ya yini yana gardamar ƙwallo ba, ya tashi da ƙafarsa ya je ya durƙusa gaban wani ya ce koya min, kuma kuɗin farko da ya ga sun ɗan taru ke ya kawo wa. Wallahi iyaye da yawa da ke rubuto min irin wannan ɗan suke roƙon Allah ya ba su. Don haka kafin komai ki cire wa ranki cewa ɗanki ya lalace. Ɗanki ya gaji ne, kuma yana jin kunyar kansa, kuma yana ganin uban da yake so ya juya masa baya. Ramar da rashin cin abinci da ƙanne duk daga nan suke iya zuwa.

Kin tambaye ni bayan wa za ki bi. Ni dai ba zan ce ki bi bayan ɗaya ki bar ɗaya ba, domin ranar da kika zama 'yar ɓangare a cikin gidanki to kin rasa abin da ya fi komai amfani a hannunki yanzu, wato ke kaɗai ce su biyun suke iya saurara. Amma kuma ba zan ɓoye miki ra'ayina ba, JAMB na huɗu a kan likita kaɗai, ba tare da an canja komai ba, ni ban goyi baya ba, kuma bari in faɗa miki dalili.

Maki 400 ne JAMB gaba ɗaya. A sakamakon da hukumar ta fara fitarwa na 2025, cikin yara kusan miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Kinga ashe ɗanki da 226 da 238 ɗinsa yana cikin na gaba-gaba a ƙasar nan, ba daƙiƙi ba ne ko kaɗan, kuma ina so ki faɗa masa haka da bakinki don na tabbata ya daɗe bai ji ba. Matsalar ita ce likitanci ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta, jami'a ba ta da ikon ta wuce wannan adadi ko da masu nema dubu nawa ne. Shi ya sa za ki ga dubban yara suna rububin gurbin da bai taka kara ya karya ba, kuma a manyan jami'o'i yawanci masu samu makinsu yana can wajen 270, 280 zuwa sama, sannan a haɗa da jarrabawar tantancewa ta jami'ar da sakamakon WAEC ko NECO. To ki duba makin ɗanki guda uku, 214, 238, 226. Ya hau ya ɗan sauko. Da a ce yana hawa ne kamar 214, 245, 268 da ni da kaina zan ce a bar shi ya ƙara ɗaya. Amma wannan yana nuna ya tsaya a wuri guda, kuma yaron da zuciyarsa ta riga ta karaya da wuya ya ƙara maki hamsin a zama na huɗu don kawai an matsa masa.

Sannan akwai lissafin shekaru da mutane ba sa yi. Likitanci shekara shida ne in ba yajin aiki, kin kuma san a 2022 kaɗai ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan shidan akwai shekara guda ta aikin horo a asibiti, sannan bautar ƙasa. Ita kuma bautar ƙasa wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa, takardar yafewa ake ba shi. Ɗanki yana da 20, lokaci bai ƙure masa ba sam, amma kowace shekara da aka ƙona a jira daga aljihunsa take fita.

Yanzu bari mu zo kan Abbansu, don ba na so ki riƙe shi a rai. Mutumin da ya yi shekaru yana tsame kuɗin makarantar kuɗi daga albashi ko daga kasuwa, yana hana kansa abubuwa, ba maƙiyin yaron ba ne. Abin da yake tsoro gaskiya ne, yana tsoron ɗansa ya ɗanɗana dubu biyu dubu uku na kullum ya ji boko ya fita daga ransa, ya wayi gari yana da shekara arba'in yana canja gilashin waya a rumfar wani. Ana yin haka, mun gani. Kuma akwai abin da ya fi wannan ciwo wanda da wuya namiji ya furta, shekara goma sha yana cewa dokta a gaban 'yan'uwa da abokai, yau kuma maƙoci ne ya zo ya ba shi labarin ɗansa. A nan 'yar'uwa sai na faɗa miki gaskiya, ɓoyewar da kika yi kuskure ne. Na san tausayi ne ya sa, kuma na san tsoron tashin hankali ne, amma shi abin da ya gani shi ne matarsa da ɗansa sun san wani abu shi uban gida sai a bakin waje ya ji. Ina kyautata zaton rabin fushin nan na wannan ne, ba na gyaran wayar ba. Don haka matakin farko naki ne. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance, ba yana shigowa daga aiki ba, ba a gaban yara ba, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar tsakani da Allah, kar ki haɗa da "amma ai kai ma". Ki ba da haƙurin ki yi shiru. Maganar karatu ki bar ta sai wata rana daban.

Mataki na biyu shi ne ki zauna da yaron. Na san ɗan fari ne, akwai kara, da yawanmu ko sunan ɗan fari ba ma faɗa balle mu zaunar da shi mu yi hira mai tsawo, amma wannan karon ki ajiye kunyar nan gefe don yana buƙatarki. Ki kira shi ɗaki bayan isha, ki zuba masa abinci da hannunki, ki tambaye shi abu ɗaya, tsakaninka da Allah kai kana son likitan nan ko don Abba kake yi? Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi magana ko da zai ɗau minti goma bai ce komai ba. Kar ki yi masa wa'azi ranar, kar ki yi kuka a gabansa in za ki iya daurewa, don in ya ga hawayenki zai faɗa miki abin da zai kwantar miki da hankali ne, ba abin da ke ransa ba. A wasiƙarki kin faɗa min abin da Abbansu yake so, kin faɗa min abin da kike tsoro, amma babu inda kika ce ga abin da yaron ya ce yana so, ina jin ba a taɓa tambayarsa ba tun yana firamare.

In ya ce miki shi fa har ga Allah likitan yake so, to sai a yi zama na ƙarshe amma da sharaɗi. A sa shi lesin na gaske wata uku ko huɗu kafin jarrabawa, a duba cikin darussa huɗun wanne ne yake ja masa maki ƙasa, Turanci ne ko Physics ko Chemistry ko Biology, don sakamakon JAMB yana nuna makin kowane darasi daban, a dage a kan mai raunin. Ya riƙa gwaji a kwamfuta da agogo a gabansa. Kuma tun kafin a sayi fom a yi yarjejeniya da Abbansu a gaban shaida cewa in bai kai ba, duk kos mai kyau da ya samu za a karɓa, ko a yi canjin kos da wuri tunda JAMB tana ba da wannan damar bayan sakamako ya fito. Ba a sake barin gurbi ya wuce kamar na shekara ta biyu. In harkar asibiti ce ke burge shi akwai aikin jinya, akwai gwaje-gwajen jini, ɗaukar hoton cikin jiki, gashin ƙashi, haɗa magunguna, duba ido, duk suna nan a jami'o'inmu, su ma ana rububinsu amma ƙofa shida ta fi ƙofa ɗaya.

In kuma ya ce miki Umma ni hannuna da zuciyata suna wajen na'ura ne, wanda shi nake zato, to albishirinki, hanyar ma ta fi faɗi. Yaron da yake jin daɗin buɗe waya ya bi layin wuta ya gano inda ta yanke, ai injiniya ne ke motsi a cikinsa. Abin da zai yi a JAMB mai zuwa shi ne ya cire Biology ya sa lissafi, ya zama Turanci, lissafi, Physics da Chemistry, ya nemi injiniyan lantarki ko na kwamfuta ko na sadarwa. Da irin makin da yake ci yana da kyakkyawar dama, musamman in bai kafe a kan jami'a ɗaya ba. Ga BUK, ga ABU Zariya, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga kuma poli irin ta Kano da ta Kaduna da ta tarayya da ke Kazaure. Kar a raina poli dan Allah. Shekara biyu ya yi ƙaramar difloma wato ND, ya yi shekarar koyon aiki, sannan ko dai ya ci gaba da babbar difloma wato HND ko ya shiga jami'a aji biyu kai tsaye in sakamakonsa ya yi kyau, kuma mai HND ma yana zuwa bautar ƙasa.

Akwai ma wani fanni da nake so ki ajiye a ranki don ranar magana da Abbansu, shi ne injiniyan na'urorin asibiti. Duk na'urar da likita yake aiki da ita, ta ɗaukar hoto, ta wankin ƙoda, kwalbar jarirai bakwaini, na'urar iskar oksijin, in ta tsaya likita sai dai ya tsaya shi ma, kuma duk wanda ya yi jinya a asibitocinmu ya taɓa jin an ce na'ura ta lalace sai an kawo mai gyara daga wani gari. Ana karanta wannan a matakin digiri a jami'ar Ilori da ta fasaha da ke Owerri, akwai kuma makarantun difloma a wasu asibitocin koyarwa kamar na Legas da na ABU a Zariya. Kinga a nan burin uban na ganin ɗansa a asibiti da baiwar hannun yaron sun haɗu. Ban ce dole shi zai yi ba, amma ki ambata masa ki ga ko idonsa zai yi haske.

Shi kuma gyaran wayar ni ban ga dalilin dainawa ba, a gyara masa zama dai. Mu a Kano yaushe muka fara jin kunyar kasuwa? Garin da Kurmi da Kwari da Sabon Gari da Singa suka gina, garin da za ki ga malami da digiri biyu yana da shago. Imamu Abu Hanifa da duk iliminsa ɗan kasuwar tufafi ne, kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi Dawud, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci. Abin da ya kamata a tsare shi ne kar ya tsaya a matakin canja gilashi da wurin caji, wannan kowa ma wata uku ya iya, kuma masu yi sun yi yawa. Ya nemi ogan da ya iya aikin cikin allon wayar, mai aiki da mita da madubin ƙara girma, mai karanta taswirar waya, nan ne ƙwarewa take kuma nan ne karatun Physics ɗinsa zai yi masa rana. In ya samu hali ya leƙa harkar sola ma, haɗa faranti da inbata da batir, tun da aka cire tallafin mai a 2023 gidaje da shaguna da yawa suka koma can, kuma masu haɗawa da ilimi ba da kame-kame ba ana nemansu. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago da ake ba da satifiket mataki-mataki, ya nema, takarda ce da za ta yi masa amfani kuma za ta nuna wa Abbansu abin ba wasa ba ne.

Sai dai akwai gargaɗi guda da nake so ki isar masa da babbar murya, kin san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan. Duk wayar da aka kawo masa a ce ya buɗe makulli ko ya goge komai, ba kwali ba rasit, mai ita ba ya iya faɗin komai a kanta, ya ce a'a ko nawa za a ba shi. Yara masu gyara da yawa sun kwana a hannun 'yan sanda a kan wayar da ba su san ta sata ba ce. Haka kuma wayar mutane amana ce, akwai hotunan iyali da saƙonni da asusun banki a ciki, idonsa ya tsaya a kan abin da aka kawo gyara. Kuma ke da kanki, ko kawunsa, a je a ga ogan nan ido da ido, a san sunansa da gidansu da halinsa. Bai dace a ce ɗanki yana yini wurin mutum shekara guda ba wanda ya san shi a gidanku.

Maganar shaye-shaye kuma, tsoronki yana kan hanya amma kar ki tuhume shi ba hujja, in kika ce masa ko ka fara shan wani abu ne alhali bai fara ba, kin ƙara masa wani ciwon a kan na uban. Ki sa ido dai a hankali. Barcin da ya wuce ƙima da rana, jan ido, magana tana jan harshe, kuɗi ko kaya suna ɓacewa a gida, sababbin abokan da ba ya so ki gani, sakaci da sallar da a da yake kiyayewa. In kin ga biyu uku daga ciki sun haɗu kar ki ɓoye wannan karon, ki faɗa wa Abbansu a nemi likita da wuri. Amma ni abin da na fi zato shi ne yana kaiwa sha ɗaya ne don ya tabbatar uban ya shiga ɗaki kafin ya shigo. Ki ce masa kina so ya riƙa yin isha a masallacin unguwa ya shigo, kuma ko Abba bai amsa ba kar ya fasa durƙusawa ya gaishe shi safe da dare. Zuciyar uba ba ta jure wannan na dogon lokaci. Sannan in ramar ta ci gaba, ba ya barci, ko ya fara maganganu irin na gara ma ba ni a duniya, wannan ba gajiya ba ce kawai, a kai shi asibiti a duba shi, damuwa ciwo ce kuma tana da magani.

Legas ɗin da ya ambata kar ki ɗauke shi barazana, kuka ne. Ki ce masa ba ki hana shi Legas ba har abada, akwai babbar kasuwar waya da kwamfuta a Ikeja da masu sana'arsa suke zuwa ƙaro ilimi da sayen kaya, wata rana zai je da saninku da albarkar mahaifinsa da adireshin wanda zai sauka wurinsa. Amma tafiya cikin fushi ba jari ba masauki, wannan ki ce masa ba ki yafe ba. Ki roƙe shi ya ba ki wata uku.

A cikin wata ukun nan ne za a yi zama da Abbansu, kuma shawarata kar ki yi shi ke kaɗai. Kin fi ni sanin wanda yake jin nauyi, ko Hajiyarsa in tana raye, ko yayansa, ko amininsa, ko limamin unguwa. In da likita a dangi ko cikin abokansa to ya fi kowa dacewa, don in likita ya ce masa Alhaji wannan makin ba zai kai ba kuma ga wasu hanyoyi, zai ji fiye da in ke kika faɗa. Kuma kar a je masa da "yaro ba ya son likita", a je masa da tsari a rubuce, ga kos ɗin da zai nema, ga makarantu uku, ga lokacin da JAMB ke buɗe rajista wajen farkon shekara, ga ranakun da zai je shago ga na lesin. Shi yaron ne ma ya kamata ya rubuta da hannunsa ya kuma fara da ba uban haƙuri a kan tafiya koyon sana'a ba izini. Abin da Abbansu yake so ya ji shi ne ba a bar boko ba. In ya ji haka daga bakin ɗansa, a gaban mutumin da yake girmamawa, kuma aka bar masa ƙofar da zai sauko ba tare da an ce ya yi kuskure ba, ina sa ran zai sauko. Kar kowa ya tayar da maganar gurbin da aka bari a shekara ta biyu, ya wuce.

In kuma duk an yi ya kafe sai na huɗu a kan likita, to kar ku yi masa ta bayan gida, kar a canja kos a ɓoye. A karɓi na huɗun, a roƙi abu biyu, a bar yaron ya ci gaba da zuwa shago wasu ranaku, kuma a yi alkawarin nan na karɓar abin da ya samu. Ko wannan kaɗai aka cimma an fita daga inda ake yau. Kuma ko wace hanya aka bi, duk wanda ya zo ya ce a kawo kuɗi yana da hanyar admishan ku guje shi, tun 2017 duk admishan na gaskiya ta shafin JAMB da ake kira CAPS yake fitowa, yaro ya shiga da kansa ya gani ya karɓa. In kuɗin makaranta ne ya zo ya yi nauyi, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya.

Wani ɗan abu da za ki iya farawa gobe ma, kuɗin da yake samu. Ki sa shi ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, ya ware wani abu ko ɗari biyar ce ya zuba a asusu ko adashe wurin wadda kika yarda da ita, da niyyar ya sayi kayan aikinsa na kansa, kuma kuɗin fom ɗin JAMB na bana ya fito daga aljihunsa. Ranar da ya ajiye wa Abbansu rasit ya ce Abba na sayi fom da kuɗina, ki kalli fuskar uban.

Sauran 'ya'yanki huɗun kuma suna kallon duk abin nan fa, suna koyon me ke faruwa da wanda bai ci jarrabawa ba a gidanku. Wanda yake bin wannan, in ya kusa shiga SS1 ko yana ciki, ku fara tambayarsa tun yanzu me yake so, wane darasi ne yake masa sauƙi, ku je ku ga malamansa, kuma in an yi dogon hutu kowa ya je ya koyi wani abu, mata da maza, ɗinki ne ko kwamfuta ko girki ko zaman shago wurin kawu. Kuma dan Allah a daina laƙaba wa yaro ɗan shekara bakwai dokta ko barista, a kira shi da sunansa.

Ki fara da ba Abbansu haƙuri a wannan satin, zama da yaron ya biyo baya. In kun yi ki sake rubuto min, ina so in ji amsar da ya ba ki da kika tambaye shi me yake so, da kuma makin kowane darasi a JAMB ɗinsa na ƙarshe, sai mu duba kos da makarantun da suka fi dacewa da shi tare. Allah ya daidaita tsakaninsu, ya sanyaya miki zuciya, ya yi wa yaron nan da ƙannensa albarka.